Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Taraktar da Ta Ƙi Ɗaga Garma

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya amince ya fara fita da ni aikin ƙauye, maimakon ya bar ni gadin gareji ina wanke notuna da kananzir. Fitarmu ta farko mai muhimmanci ita ce wadda muka yi zuwa wani ƙauye a gefen Kura a farkon damina, inda wani Alhaji ya aiko cewa taraktarsa ta daina ɗaga garma, alhali ya riga ya karɓi kuɗin huɗa a hannun manoma.

Taraktar Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka yi ta ƙerawa a Ingila, mai injin Perkins mai silinda uku. Jan fentinta ya koɗe, amma injin lafiyarsa ƙalau. Direban ya bayyana mana cewa da sanyin safiya takan ɗaga garma tana kakkarwa, amma da zarar hantsi ya ɗaga sai hannuwan bayan su ƙi tashi, ko da ya ƙure totur. Alhaji kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa famfon da ke tura mai ya ɗaga garma ya mutu, har ya ware kuɗin da za a kai kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo wani. Maigidana ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a mayar da kuɗin aljihu tukuna, mu ji ta bakin motar."

Ya fara da tambayar direban yaushe rabon a canza man giya, shi kuwa ya shiga sosa ƙeya. Da aka zaro sandar awon mai sai muka ga ya yi fari-fari kamar kokon da aka zuba wa madara, alamar ruwan sama ya daɗe yana shiga ta yagaggun robobin da ke gindin sandunan giya. A wannan mota mai guda ne yake yi wa giya da ƙafafun baya da famfon ɗaga garma hidima, saboda haka idan ya lalace kowa sai ya ɗanɗana. Ya kuma gwada kuloci, domin mataki biyu gare shi, kuma na biyun ne yake juya sandar da ke tuƙa famfo. Da a ce yana sulluɓewa, da famfon ya rasa ƙarfi ba tare da laifinsa ba. Kulocin bai da matsala.

Daga nan ya ɗaura gejin awon matsin mai, ya bar injin ya yi zafi sosai. Allurar da ya kamata ta kai wajen 2,500 a ma'aunin matsi na psi ko rabi ba ta kai ba. Ya ce da ni mai idan ya ji zafi tsinkewa yake yi, ya bi duk wata kafa da ya samu, shi ya sa take yin abin kirki da safe ta gaza da rana, kuma aikinmu yanzu shi ne gano wannan kafa.

Muka rage man, muka kwance zagayayyen murfin da ke gefen dama, aka tayar da injin da garma a ɗaure, aka ja hannun ɗagawa sama. Ya miƙo mini tocila, ya ce, "Kai yaro, durƙusa ka leƙa. Idan mai yana zubowa daga bakin silindar ɗaga garma kamar ruwan indararo, zobban fistin ɗin cikinta ne. Idan yana tafarfasa a ƙasa kusa da famfo, bawul ɗin rage matsi ne ya saki. Idan kuwa daga saman bututun da ke tsaye, mai kai mai daga famfo zuwa silinda, yake fesowa, to ka faɗa mini." Na kafa ido cikin duhun nan mai ƙaurin mai, na ga man ƙasan a kwance yake, bakin silinda yana ɗiga kaɗan-kaɗan, amma daga kan bututun mai yana feshi yana gangarowa a jikinsa. Saboda murna na miƙa yatsa zan nuna, sai na ji duka a wuyan hannuna wanda har yau ban manta zafinsa ba, domin ƙarafan da ke motsi a cikin ramin nan suna iya datse yatsa nan take.

Noti biyu kawai muka kwance a ƙarƙashin kujera muka zaro bututun. Zoben robar da ke kansa ya bushe ya tsage, kuma wani ya taɓa naɗe wurin da zaren buhu, wanda a ganina shi ne ya fi komai cutar motar, tunda ya ɓoye ciwon har ya yi nisa. Rariyar da ke bakin famfo ita ma ta toshe da wani baƙin dagwalo. Muka sa sabon zobe daga akwatin maigida, muka wanke rariya da cikin rumbun da man gas, aka zuba sabon mai, wanda kuɗinsa ya ninka na zoben nesa ba kusa ba, har Alhaji ya yi ta ƙorafi.

Bayan la'asar allura ta hau inda ake so, garma ta tashi cak. Maigidana bai yarda mu tafi ba, sai da ya kashe injin da garmar a sama, ya zauna yana duban agogo, muka ga tana sauka a hankali har ta taɓa ƙasa. Ya shaida wa Alhaji cewa zobban fistin sun gaji, za su iya kai damina, amma a kawo motar gareji da zarar an yi kaka a ɗaga babban murfin. Alhaji ya ce in sha Allahu, bai kuwa kawo ta ba sai da ta tsaya masa a tsakiyar gonar alkama da rani, kuma a nan zan ɗora a mako mai zuwa.