Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Bargar Kawu

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda Umma ta gaji da ganina a ƙuryar ɗaki, ta aika a kira mata yayanta. Ga waɗanda yau suka fara bibiya, ina cikin sahu ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari Babban Masallacin cikin birnin Kano, daura da gidan Sarki, mutum sama da ɗari suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, kuma hakan ne ya sa mutane suka kasa gane ciwona. Kowa ya zo dubiya sai ya ce in gode wa Allah. Ina gode masa, amma barci ya ƙaurace mini, kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a bayan ƙyaure ina karkarwa.

Kawu ya zo bayan la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ma cire takalmi ba. Bai tambaye ni yaya jiki ba. Cewa ya yi, "Yaron dokina ya tafi ƙauye, ba ni da mai kwashe mini kashi. Gobe da asuba ina jiranka." Umma ta ce, "Yaya, ka ga fa halin da yake ciki." Ya ce, "Na gani. Shi ya sa."

Bargar tana bayan gidansa a Ɗorayi, rumfa ce ta kwano da turke uku. Biyu babu kowa. A na ukun akwai wani ingarma akawal, baƙi wuluk, sai ɗan fari a goshi kamar an ɗiga masa nono. Ina shiga ya maƙe kunnuwa baya, ya ja da baya har igiya ta miƙe, yana huci. Na juya zan fita. Kawu ya riƙe mini kafaɗa ya ce, "Ba ƙin ka yake yi ba, ɗana. Tsoronka ya ji, shi ma ya tsorata. Doki komai girmansa abin farauta ne a daji, kullum a shirin gudu yake. Ka tsaya ta gefen kafaɗarsa inda zai gan ka, kar ka zo masa ta baya. Ka sauke numfashi."

Wata huɗu ana ce mini in kwantar da hankali, ban taɓa sanin ta ina ake farawa ba sai ranar. Da na saki kafaɗuna na fitar da numfashi a hankali, kunne ɗaya ya juyo wajena. Da ƙirjina ya sake bugawa, ya ɗage kai. Abin da ke cikina nake gani ƙarara a jikin dabba, ba tare da kowa ya ce in ba da labarin abin da na gani a masallaci ba. Ni kuwa a lokacin ba abin da na tsana kamar wannan tambaya.

Aikin ba wani mai daɗi ba ne. In share barga, in kwashe kashi a baro, in jiƙa dusa da ɗan kanwa, in warware damin harawa, in ɗebo ruwa bokiti-bokiti. Amma akawal bai san da zancen ban yi barci ba. Gari na wayewa zai fara haniniya yana tona ƙasa da kofato, dole in tashi. Mutumin da aka mayar abin tausayi a gida, ana kai masa abinci har ɗaki ana magana ƙasa-ƙasa idan ya gitta, yau ga wani rai yana jiran abinci daga hannunsa. Wallahi wannan kaɗai ya dawo mini da wani abu da na zaci ya tafi har abada.

Wata safiya ina goge masa jiki, salansar wani babur ta yi ƙara a bakin layi. Buroshin ya faɗi, gwiwoyina suka saki. Kawu ya kamo hannuna ya ɗora a haƙarƙarin dokin, ta hagu, bayan ƙafar gaba. Jikin ɗumi, gashin santsi, can ciki kuma zuciya tana bugawa a natse, ɗaya bayan ɗaya. Zuciyar doki idan yana hutawa ba ta cika wuce bugu 40 a minti ba, ta mutum kuwa tsakanin 60 ne zuwa 100, tawa a lokacin Allah kaɗai ya san adadinta. Na kifa goshina a wuyansa ina bin bugun nan, har na ji hawaye suna zuba cikin gezarsa. Tun ranar harin ban yi kuka ba sai a nan.

Da na natsa Kawu ya ce, "Wannan da kake gani, yana dukushi leda ma firgita shi take yi. Yanzu a tsakiyar 'yan bindiga yake tsayawa ranar hawan Daushe. Ba da bulala aka kai shi nan ba. Kaɗan-kaɗan ake nuna masa abin, kullum da wanda ya yarda da shi a gefensa."

Ina so masu karatu su fahimce ni da kyau: ban daina zuwa asibiti ba, ban daina shan magani ba, ban bar addu'a ba. Likitan ƙwaƙwalwar da ke duba ni ne ma ya ce in riƙe bargar nan da hannu biyu, domin a ƙasashen Turawa sun daɗe suna haɗa doki cikin jinyar masu nakasa da masu firgici irin nawa. Daga baya na bincika a waya, na ci karo da labarin Lis Hartel, 'yar ƙasar Denmak, wadda shan inna ya kama a 1944, ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Ɗora ta ake yi a kan sirdi a sauke ta, amma ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki don masu nakasa a Ingila da Amurka. Masana sun ce tafiyar doki tana juya ƙugun mahayi kusan yadda tafiyar ƙafa take juya shi, shi ya sa take ƙarfafa baya da ƙugun wanda bai iya taka ƙasa.

Abin ya tsaya mini a rai, har yau kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da muka gaji doki kaka da kakanni, mu da a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallarmu cikin kayan gadon duniya, dawakinmu suna ɗaure a turke daga sallah zuwa sallah, sai ɗan kilisa da yamma, yaranmu masu lalura kuma suna kulle a ɗaka.

Sai da na yi wata biyu kafin Kawu ya bari na sa ƙafa a likkafa, shi ma yana riƙe da ragama muka zagaya fili sau uku. Muna dawowa muka tarar da wata maƙwabciyarsa a ƙofar barga, goye da yaro ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa sirara suna reto. Ta durƙusa ta ce, "Alhaji, kullum ta katanga yake leƙen dokin nan. Ya hana ni sakat." Kawu bai amsa mata ba, ni ya juyo ya kalla.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.