Wa zai yi maka wanka in ka tsufa a Amurka?

Aikina sayar da inshorar jinya ta tsawon lokaci a tsakanin 'yan uwanmu mazauna Bronx a birnin New York, kuma amsar da na fi sha ita ce: "Ai ina da Medicare, 'yar nan." Sai in ce, Baba, Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan mai yi maka wanka ko mai ba ka abinci a baki. Iyakarta kwana 100 a gidan jinya, shi ma sai bayan an kwantar da kai asibiti kwana uku. Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, na biya, amma sai dukiyarka ta kusa ƙarewa, kuma in gidan jinya za ka shiga, ana bin diddigin abin da ka kyautar cikin shekara 5.

Wani ya ce 'ya'yansa na nan. Allah ya yi musu albarka, sai dai 'yarsa na aikin dare, ɗansa na tuƙin Uber, wa zai zauna gida? Masu cewa za su koma Kano ko Kumasi kuwa, jikoki da likitan sukari sun riƙe yawancinsu.

Ba na ɓoye sharuɗɗa. Kamfani ba ya fara biya sai ka kasa yin biyu cikin abubuwa shida na yau da kullum, kamar wanka, sa tufafi, tashi daga gado, ko kuma mantuwa ta kama ka. Yawanci kwana 90 na farko daga aljihunka ne, kuɗin wata kuma yana iya hawa. Shi ya sa nake matsa wa 'yan shekara hamsin da ɗoriya, domin da zarar shanyewar ɓarin jiki ta shiga takardun likita, da wuya a karɓe ka.