Abin da Saƙar Hula Ta Koya Mini a Ɗakin Kemo

Da tsinken tsintsiya biyu na fara saƙa, ina aji biyu a makarantar kwana, kamar yawancin 'yan ɗakinmu. Da na je gida hutu goggona ta ga yadda nake fama, ta buɗe adakarta ta ciro mini kwarashinta na ƙarfe, ta nuna mini yadda ake sarƙa da yadda ake zagaye. Tun daga nan ban ajiye ba. Na saƙa safar jarirai da hulunansu, na saƙa marufin kwano da shimfiɗar kujera, har 'yan'uwa suka san cewa in an yi haihuwa a dangi ba sai an sayi kayan sanyi ba. Abin sha'awa ne kawai a wurina, abin da nake yi bayan sallar isha'i in na dawo daga aiki a gajiye.

Da aka mayar da ni ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwan kemo, na zo da abin da na karanta a makarantar koyon jinya. Na san maganin yana bin ƙwayoyin halittar da ke saurin rabuwa ne yana kashewa, kuma saiwar gashi tana cikin masu saurin, shi ya sa take shan wahala tare da ciwon. Na san gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, musamman ga masu karɓar doxorubicin, jan ruwan nan da ake yawan ba masu sankarar mama, ko paclitaxel. Na kuma san yana dawowa bayan an gama. Amma a zuciyata na ɗauka wannan damuwar Turawa ce. Matanmu ai kansu a rufe yake, ga kallabi ga hijabi, wa zai gani?

Wata malamar firamare ce ta warware mini wannan tunani. Ranar zagayenta na biyu ina neman jijiya a hannunta, sai na lura ɗayan hannun yana ta komawa kanta, tana gyara ɗauri ta cikin hijabi. Na ce, "Malama, ko kan ne ke ciwo?" Ta yi shiru, can ta ce, "Sista, kallabin ne ba ya zama. Da kitso ke riƙe shi. Jiya ina shara ya zame, ƙaramin ɗana ya ganni, ya ruga ɗaki yana kuka." Ta ce da dare kuma sanyi take ji a tsakiyar ka kamar ana zuba mata ruwan randa, lokacin kuwa hunturu ya kama, ga matashin kai yana gogar fatar.

Ban taɓa kawo cikin gida a lissafina ba. Hijabi na fita ne. A tsakar gida akwai miji, akwai yara, wata akwai abokiyar zama, wata akwai dangin miji masu zuwa dubiya ba sanarwa. Macen da ta saba duk mako biyu ta zauna gaban mai kitso a yarfa mata shuku ko kalaba, yau ta wayi gari tana tsintar gashinta a kan filo.

A daren nan na ɗauko kwarashi. Na zaɓi zaren da ya fi kyau a cikin jakata, jan ulu mai ƙyalli irin wanda nake yi wa jarirai, na yi mata saƙa mai ado, mai ramuka kamar leshi, na ɗora fure a gefe. Da na gama na turara ta da turaren wuta mai kyau, don a wurinmu ba a miƙa wa mutum kyautar sutura haka nan gaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta sa albarka.

Bayan mako uku ta dawo da ita a leda. Ta ce, "Sista, kar ki ji haushi, don Allah. Na gwada." Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda take yi wa ɗalibanta. Tana buɗe ledar ƙamshin ya tayar mata da zuciya har sai da ta yi amai. Ta wanke, ta shanya, ta saka, sai zaren ya riƙa yi mata ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero. Ƙullin da na yi a inda zare ya ƙare yana tokare mata ƙeya in ta kwanta. Ramukan adon kuma suna nuna fatar kan da take son rufewa. Launin ma, in ji ta, in ta kalle shi jan ruwan nan take tunawa.

Na ji nauyi ƙwarai a ranar, domin duk abin da ta lissafa na san shi a takarda. Na san kemo yana sa hanci ya tsani ƙamshi. Na san fatar kai tana yin tsami lokacin da gashi ke zuba. Ni ce ma nake gaya wa marasa lafiya su guji sabulu mai ƙarfi. Amma da na zauna saƙa, idona na bi, da abin da zai sa a ce hannuna ya iya. Ban tambaye ta komai ba kafin in fara.

Daga nan na koma ɗaliba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne, kuma akwai mai taushi akwai mai kaushi. Na koyi goga ƙullin zare a wuyana ko a cikin hannu kafin in biya kuɗi, in ya ɗan soke ni to kan da ba gashi ba zai iya da shi ba. Zaren auduga mai laushi shi ya fi, musamman da bazara, watan Maris da Afrilu, lokacin da hular roba ke tara gumi a ƙarƙashin hijabi. Na daina rufe kowane layi, na koma zagayawa kamar saƙar faifai daga tsakiyar ka har ƙasa, don kada a samu tudu a ciki. In zare ya ƙare ba na ƙullawa, sai in ɓoye bakinsa a cikin saƙar. Kan babban mutum yakan kai santimita 54 zuwa 58, amma wanda ba gashi yana son hula ta ɗan matse, sai nake tsayar da ƙari in faifan ya kai kamar santimita 16, in ci gaba da sauka har ta rufe kunne da ƙeya. Ƙeyar nan tana da muhimmanci, don nan ne kallabi ke fara tonawa. Ina gamawa in wanke da sabulu marar ƙamshi, in shanya a rana, in sa a leda sabuwa, saboda garkuwar jikinsu tana yin ƙasa bayan kowane zagaye.

Daga baya na ga cewa wasu sun daɗe da gano haka. A Amurka akwai ƙungiyar Knots of Love da aka kafa a 2007, masu saƙa suna aika mata huluna tana rabawa kyauta, kuma tana da jerin zaren da ta amince da shi kaɗai. Da na ga haka sai na ce lallai su ma wani ya taɓa mayar musu da hula a leda.

Abin da ya fi zare wuyar koyo shi ne tambaya. Yanzu ba na miƙa wa kowa hula kai tsaye. Ina ajiye 'yan kaɗan a aljihun tebur, in na ga fuska sai in ce, "Hajiya, akwai wani abu da wasu ke sawa a ƙarƙashin ɗankwali, ko za ki duba?" Wata ta zaɓi baƙa don ta saje da gashi in ɗauri ya ja baya. Wata ta ce in ƙara mata kauri ta baya, yadda in ta ɗaura zai yi kamar akwai tufka. Wata Inna daga ƙauye ta kalle ni ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, ni tsohon zanena ya ishe ni, ba wa yaran." Na bar ta, kuma daidai ne. Maza ma na yi zaton ba ruwansu tunda sun saba aski, sai wani dattijo ya ce hularsa ta ɗinki tana kurje masa kai, yana son mai taushi ta zuwa masallaci da asuba.

Akwai wani amfani da ban yi tsammani ba. A Najeriya ana samun sabbin masu ciwon daji sama da 120,000 a shekara, sankarar mama ce kan gaba a mata, kuma da yawa ba sa zuwa sai abu ya yi nisa. Cikin waɗanda suka zo ma, wasu na yin zagaye ɗaya su ɓace. Kuɗi na cikin dalili, wannan ba a musu. Amma akwai maganar da ke yawo cewa daji ba ya son allura. Mace ta koma gida, mako biyu gashi ya fara bin mataji, sai dangi su ce ga shi nan, dama an faɗa, maganin ne ke cinye ta, a tafi wurin mai sassaƙe. In ba a gaya mata tun farko ba, me zai hana ta yarda? Da baki muna faɗa, amma ranar farko mutum a ruɗe yake, rabin maganar ba ta shiga. Hula a hannu kuwa tana tafiya da ita gida. Ina cewa, "Nan da mako biyu ko uku za ki buƙace ta. In kin ga ya fara zuba, aikin maganin ne, kuma zai dawo in an gama, da yardar Allah." Ina kiran mijin ko 'yar rakiya su ji da kunnensu.

Ba duka nake gamawa a kan lokaci ba. Akwai wata ruwan toka da na tsaya a layi na tara, don yarinyar da ta zaɓi launin ba ta kai zagaye na gaba ba. Allah ya jiƙanta. Na kasa warware ta, na kasa ƙarasawa, tana nan a ƙasan jakata da kwarashin a soke.

Malamar nan ta gama zagayenta. A na ƙarshe yatsunta sun yi dindiris saboda maganin, ba ta iya riƙe kwarashi, sai ta turo mini babbar 'yarta mai rakiya. Ƙarin ruwan yakan ɗauki awa uku ko fiye, muka riƙa zama a benci a lokacin hutuna ina nuna mata zoben da ake fara hula da shi da yadda ake ƙara faɗi. Hannunta ya fi nawa sauri. Watanni bayan haka suka zo ganin likita, malama ta ja ni gefe ta ɗaga bakin hijabi, sai ga gashi baƙi mai laushi kamar na jariri ya rufe kan. 'Yar kuma ta miƙo mini leda da huluna huɗu, ta ce, "Anti, na wanke, ban sa turare ba."