Asabar ɗin da munka kai Inna kallon katun

Yau kwana uku da sallah, sai yanzu ƙarfe sha ɗaya saura na samu na zauna, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun cikin azumi Baban Ummi ya yi wa yara alkawalin in sun kai azumi goma goma zai kai su kallon katun ya kuma kai su cin bufe, Ummi ta kai sha biyu, Abba ya ce ya kai goma amma ni na san biyu daga ciki a bayan randa ya sha ruwa, na dai yi shiru.

Abin da ban zata ba shi ne Inna ta ce za ta bi mu. Tana zaune kan tabarma tana jan carbi ta ji Ummi na ta zumuɗi, sai ta ce "ke kishiya, ina za ki kai mani maigidana ba da sanina ba?" Abba ke nan maigidan nata. Kafin mu ankara ta ɗauko mayafinta na sallah. Motarmu ƙarama ce, daga Mabera har can Auta na kan cinyata, ga zafin Sakkwato da bai san ana sallah ba, esi ɗin motar kuma tun bara yake jinya, gilas munka sauke iska mai zafi na dukan fuska kamar an buɗe murhu. Ga 'yan kabu-kabu sun cika titi da 'yan yawon sallah.

Wurin ba wani sinima ba ne na a zo a gani, zaure ne babba anka jera kujerun roba anka rataya farin kyalle, ana haskawa da majigi. Inna na ganin haka ta ce a'a, ashe majigi ne, ai tun tana yarinya ana zuwa da shi a mota a haska a fili da dare, a nuna masu yadda ake noma da tsabta. Munka sayi gugguru munka zauna bayan la'asar kaɗan.

Fim ɗin da turanci yake, Inna ko kalma ɗaya ba ta ji. Labarin wata marainiya ce da matar uba ke gallaza wa, ita ke shara ita ke wanke-wanke, 'ya'yan matar na kwance suna ado. Ba a yi minti goma ba Inna ta taɓo ni ta ce "wagga ai ɗiyar bora ce." Na ce Inna a'a, na turawa ne. Ta ce "awo, ɗiyar bora ta turawa. Ki zuba ido, yanzu za ta gamu da wata tsohuwa, ta yi mata ladabi, tsohuwar ta ba ta arziki, ƙarshe ɗan sarki shi aure ta, ɗiyan mowa su tashi a tutar babu." Wallahi kamar ita ta rubuta. Tsohuwar na bayyana Inna ta tafa hannu da ƙarfi ta ce "ga ta nan!" har mutanen gabanmu sunka juyo, ni kunya ta kama ni na sunkuyar da kai, Baban Ummi ko dariya yake ta ƙumshewa.

Ana tsakiyar rawa a fadar sarki anka ɗauke wuta. Zauren ya yi duhu ɗif, yara sunka kaure da ihu, masu wurin na can suna fama da janareta ya ƙi tashi. A cikin wanga duhu ne na ji muryar Inna ta ce "ga ta nan ga ta nanku." Ummi da Abba shiru, ba su san amsa ba, abin ya sosa mani rai ƙwarai don ni a nan na girma kullum dare muna tsakar gida ana yi mana. Wata mata daga baya ce ta amsa "ta zo mu ji ta", sai Inna ta ɗora daga inda fim ya tsaya amma da nata, ɗiyar bora ta tafi rafi wankin ƙwarya, ta iske tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya. Yaran layinmu da na baya duk sunka matso, wani yaro da ban sani ba har ya dafa gwiwarta. Kusan kwata ta yi tana ba su, da wuta ta dawo wasu har cewa suke a bari ta ƙarasa tukuna.

Da munka fito Abba ya tambayi babansa wai mutanen cikin katun a ina suke zaune. Ya ce mashi zane ne kawai, hotuna ne ake jerawa suna wucewa da sauri, kamar 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga kamar motsi suke, da can da hannu ake zana su ɗaya bayan ɗaya yanzu kuma kwamfuta ke yi. Inna ta ce duk wagga wahala a kan abin da baki ke faɗi kyauta.

Bayan magariba munka wuce wurin bufe. Kuɗin kai ake biya a ƙofa, yara rabi, ka ci iya cinka. Ga dafa-duka ga firaid rayis ga taliya, kaji, farfesun kayan ciki, masa da miyar taushe, can gefe kankana da abarba da askirim. Abba ya tula faranti kamar zai ciyar da makarantar allo, cinyar kaza uku, na ce wa zai cinye wannan, ya ce shi. Cinya ɗaya da rabi ya ci ya fara lumshe ido. Inna ta zagaya kwanukan nan kaf tana ɗaga murfi tana leƙawa, ƙarshe tuwon shinkafa ta ɗebo da miyar kuka, ta ce kukar ba ta ji daddawa ba. Na ɗanɗana, gaskiyarta ce.

Rigimar ta zo ne wajen tashi. Inna ta zaro leda daga jakarta za ta juye sauran kazar Abba, yaron da ke kula da teburin ya matso cikin ladabi ya ce Hajiya ba a fita da abinci. Ta ce to zubarwa za ku yi? Ya yi shiru yana sosa kai. Ta ce "ɗana, mun biya ko ba mu biya ba?" Baban Ummi na ta "Inna ki yi haƙuri, doka ce", ni ko na rasa bayan wa zan bi don a raina ina tare da ita. Sai kawai ta mayar da ledar, ta gyara zama, ta jawo farantin ta cinye kazar nan tas tana hararar Abba, ta ce maigidan da bai iya ƙare kwanonsa sakinsa za ta yi.

A mota duk sunka yi barci ban da Ummi. Muna shiga gida ta bi Inna ɗaki, ina nan ina jiyo su ta taga, wai sai an faɗa mata abin da ya samu ɗiyar mowa da ita ma ta tafi rafin.