Kafin ka sayi keken lantarki a Jidda ko Makka

Keken da zai yi maka aiki lafiya a Karantina ta Jidda, idan ka kai shi unguwannin da ke kan duwatsun Makka zai iya ƙonewa cikin wata biyu. Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne hanyar da za ka bi kullum da zafin garinku, kafin ka saurari mai shago yana yabon gudu.

Amma sai an fara raba keke da babur. Ma'aunin Turai, EN 15194, ya ce keken lantarki shi ne mai inji wat 250, wanda ke taimaka maka kawai lokacin da kake taka feda, kuma ya daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Yawancin abin da ake tallatawa da wat 1,000 ko 1,500, mai totur a hannu yana zuba kilomita 50, babur ne da aka liƙa wa feda. Babur kuwa a Saudiyya yana buƙatar lamba da istimara (takardar rajista) da lasisi. Ka ɗauki takardar bayanin keken ka tambayi ofishin Murur, wato 'yan sandan hanya, matsayinsa tun kuɗinka na aljihu, ka kuma nemi mai shago ya nuna maka shaidar cewa kayan sun cika ƙa'idar SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya. Wanda zamansa ya rataya a kan iƙama (takardar izinin zama) bai kamata ya yi caca da wannan ba.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin cibiyar tayar baya, akwai wanda ke tsakiya wajen feda. Na cikin taya ya fi araha, gyaransa kaɗan ne, kuma ya wadatar a shimfiɗaɗɗen gari irin Jidda. Matsalarsa hawa. Idan tudu ya yi tsawo, taya tana juyawa a hankali, injin yana jan wuta da yawa, wutar kuma tana komawa zafi maimakon tafiya. Za ka ji ƙaurin roba, ƙarfi ya ragu, daga nan sai wayoyin ciki ko akwatin da ke sarrafa wuta su ƙone. Na tsakiya yana bi ta sarƙa da giya, saboda haka idan ka sauko zuwa ƙaramar giya yana hawa ba tare da ya galabaita ba. Mazaunin Makka ko Ɗa'ifa ya duba lambar Nm, wato ƙarfin da injin ke juyawa da shi, kada ya tsaya a kan wat: daga 60 zuwa 85 shi ne na tudu, 40 kuwa na fili ne. Kuma duk tudun da ka hau sai ka sauko, don haka birkin faifai mai aiki da mai, faifan milimita 180, ba ado ba ne.

Lissafin batir ba shi da wuya. Ka ninka lambobin V da Ah da ke rubuce a jikinsa, ka samu Wh, wato yawan wutar da yake riƙewa: 48V sau 13Ah ya ba da 624Wh. Mai taka feda a fili yana cin kamar 10 zuwa 15Wh a kilomita ɗaya, mai hawa da kaya ya kan wuce 20. Wato kilomita 40 zuwa 60 a Jidda, kusan 30 a kan dutse, komai abin da aka rubuta a kwali.

Zafi ne babban makashin batir a ƙasar nan. Batirin litiyam ba a yi masa caji idan ya haura digiri 45, alhali keken da aka jingina a rana da azahar ya wuce haka nesa. Ka sayi mai batirin da ake cirewa, ka shiga da shi ɗaki, ka bar shi ya huce minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ka jona. Kada ka bar shi cikin mota, kada ka kwana kana caji, kada ka jona shi a bakin ƙofar fita, musamman a ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana. Batirin da ya kumbura ko ya fashe a jiki ya gama aiki. Cajar da ta zo da shi kaɗai za ka yi amfani da ita.

A Jidda danshi da gishirin teku suna cin bakin wayoyi, tsatsa ta fito kore a mahaɗa, keke ya riƙa ɗaukewa haka kawai. Ka nemi aƙalla IP54, wato ma'aunin kariya daga ƙura da feshin ruwa, kuma ranar da ruwan sama ya cika titi ka bar shi a gida. Man sarƙa busasshe ya fi, domin mai danƙo yana tara ƙura ya zama kamar yashi yana cin haƙoran giya. Taya mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4 ta isa kwalta. Mai inci 4 ta rairayi ce, tana shan batir.

Mai niyyar komawa da shi Kano ko Damagaram ya sani cewa jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin da ya wuce 160Wh, ko a hannu ko a jaka. Keken zai iya tafiya, batirin sai ta kamfanin kago mai izinin ɗaukar irinsa, ko ka sayar da shi nan ka nemi wani can.