Laraba: ɗalibata da takardun asibiti

Yau ban taɓa aikina na lissafin kulle saƙo ba, ɗaliba ɗaya ta cinye min yinin. Digiri na biyu take yi. Ta shigo ofis da kwamfutarta tana murna, wai wani asibiti ya ba ta bayanan marasa lafiya don bincike. "Malam, babu matsala, sun goge sunaye duka." Na jawo kujera na duba. Suna kam babu, amma ga ranar haihuwa, ga jinsi, ga unguwa, ga yawan 'ya'ya, ga ciwon da ya kawo mutum. Na ɗora yatsa kan layi guda: mace, 'yan biyu, ciwon sikila, ƙaramar unguwa. Na ce da ita, in mai unguwar nan ya ga wannan layin, zai tsaya tambayar wace ce? Ta yi shiru.

Sai na ba ta labarin Latanya Sweeney. A 1997, tana ɗaliba a jami'ar MIT, jihar Massachusetts ta Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatanta bayan an cire sunaye, gwamna William Weld yana ba mutane tabbacin asirinsu a rufe yake. Ita kuwa ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin Cambridge kan dala 20, ta haɗa da waccan, ta zaƙulo takardun gwamnan da kansa, ta aika masa ofis. Daga baya ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a gane kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa.

Mun ɗan yi dariya, don a takardun nata mutane da yawa ranar 1 ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa. Wannan sakacin ya ɗan rufa musu asiri, amma ba kariya ba ce da zan sa hannu a kanta.

Bayan la'asar na nuna mata dabarar da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka fito da ita a 2006: a cakuɗa alƙaluma da ɗan kuskure da gangan, gwargwado, yadda jimla za ta fito kusan daidai amma ba a iya tsamo mutum ɗaya. Da ita Amurka ta yi aiki a ƙidayar 2020. Ɗalibar ta damu, wai sakamakonta zai rage kyau. Zai rage, ban ɓoye mata ba.

Gobe zan rubuta wa asibitin, in haɗa musu da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Kafin nan na karɓe filashin da bayanan ke ciki na kulle a durowa.