Motata tana ja gefe ɗaya, ashe ba iska ba ce

Wata biyu kenan motata tana ja dama da zarar na ɗan saki sitiyari, ni kuma ina ta ce wa kaina ai iskar taya ce, na ƙara iska, shiru. Sai ranar da na durƙusa na shafa tayar gaba, gefen ciki ya cinye sumul kamar tafin hannu, na waje kuwa zanensa na nan daram. Nan jikina ya yi sanyi.

Bakanike ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama, sai ga ƙwas ƙwas, tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya mutu. Ya ce in aka yi alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, a haka asarar kuɗi ce kawai, don saitin ba zai zauna ba, sai an canza tayarod ɗin tukuna. Gaskiyarsa.

Wani abu da na daɗe ina haɗawa, rawar da sitiyari ke yi in ka taka mota yawanci matsalar balansin ce, wato daidaiton nauyin taya, ba alaimen ba. Aiki biyu ne daban.

Tayar dai ta riga ta tafi, dole na sayi biyu.